Kukan Aksil ɗin Baya: Yadda Ake Gano Ciwon Difarenshal Kafin a Kwance Shi

Motar da ke aikin karkara, Hilux ce ko Land Cruiser, ba ta cika rasa aksil ɗin baya farat ɗaya ba. Difarenshal, tarin giyoyin da ke tsakiyar aksil, yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana kuka kafin haƙori ya ɓalle. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba shi kaɗai ke kuka a bayan mota ba. Taya tana kuka, boris ɗin taya yana gurnani, kuros ɗin farfela, wato gaɓar sandar da ke kawo juyi daga giyabos, yana ƙara, kuma shasi ne ke kwaso su duka ya kawo wa kunnen direba a cakuɗe. Shi ya sa ake yawan sauke difarenshal lafiyayye, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo wani, a ɗaura, a tarar ƙarar tana nan daram. Abin da ke raba gardama shi ne lokacin da ƙarar ke zuwa da lokacin da take ɗaukewa, wannan kuwa a kan titi ake gano shi tun ba a ɗauki sifana ba.

Farfela tana juya finiyan, ƙaramin giya mai haƙora 8 zuwa 12, wanda ke zaune a kan boris biyu masu 'ya'ya a karkace. Finiyan yana juya kirawun, babban giya mai haƙora wajen 40, wanda aka ɗaure a jikin wani akwatin ƙarfe. Akwatin ma yana kan boris biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A cikinsa akwai ƙananan giyoyi: biyu na gefe da shaf ɗin tayoyi ke shiga cikinsu, sai biyu ko huɗu na tsakiya da ke juyawa a kan sandar ƙarfe. Su ne ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Abu biyu za ka riƙe daga nan. Na farko, finiyan ya ninka taya gudu wajen sau huɗu, don haka kukansa siriri ne, na kirawun da na taya kuwa mai kauri. Na biyu, a miƙaƙƙiyar hanya ƙananan giyoyin nan ba sa juyawa a junansu, sai a kwana ko idan taya ɗaya tana sulɓi.

Gwaji a kan kwalta

Burji da gargada suna haɗiye ƙara, saboda haka nemi kwalta mai laushi, miƙaƙƙiya, da sassafe kafin manyan motoci su fito. Sauke lodi, kwashe jak da sarƙa da jarkoki daga bodi, ka tabbata safayar taya a ɗaure take tam. Mota ta kasance a 2H, wato tayoyin baya kaɗai ke ja. Sa wani mai kunne ya zauna a kujerar baya, domin direba yana jin inji fiye da komai. Yi tafiyar minti 15 zuwa 20 tukuna. Man giya mai sanyi yana da kauri, yana rufa wa giya asiri, sai ya yi zafi ƙarar gaskiya take fitowa.

Daga nan ka hau daga kilomita 30 zuwa 90 a awa a hankali, ka lura da gudun da ƙarar ta fi ƙarfi. A wannan gudun za ka gwada hali huɗu: ka taka totur mota tana ja, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya inji yana riƙe ta, ka riƙe totur daidai ba ja ba riƙewa, sannan ka sa ta a firi tana gangarawa da kanta, inji a kunne saboda birki da sitiyari. Ka kuma canza giya a gudu ɗaya. Ƙarar da ta canza murya don ka koma daga giya huɗu zuwa biyar alhali gudun bai canza ba, ta inji ce ko ta giyabos, a bar aksil ya huta.

Kuka siriri, wuuu, mai zuwa idan ka taka totur ya ɗauke idan ka saki, na haƙoran kirawun da finiyan ne a fuskar da ke jan mota gaba. Ko dai sun cinye saboda ƙarancin mai, ko an taɓa kwance su ba a mayar da su mazauninsu ba. Irin wannan kukan yakan zaɓi wani gudu, misali tsakanin 50 da 70, ya lafa a sama da haka.

Kukan da ke zuwa idan ka ɗaga ƙafa, shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi arha idan an kama shi da wuri. Lokacin da mota ke ja, ƙarfin haƙora yana tura finiyan waje, ya danne shi a kan babban boris ɗinsa, sai ya zauna lafiya ko da ya yi sako-sako. Da ka saki totur sai lamarin ya juya, kirawun ya janyo finiyan ciki. Idan matsin boris ɗin finiyan ya tafi, ko notin filanji, faifan da farfela ke ɗaure a jikinsa, ya saki, finiyan zai zurma cikin kirawun fiye da ƙima, haƙora su haɗu a inda bai kamata ba. A wannan matakin sau da yawa haƙoran ba su lalace ba tukuna, boris da sil mai tare mai da sifesar da ke tsakanin boris biyun kawai za a canza. Wanda ya ci gaba da lodi a haka wata biyu ko uku, kirawun da finiyan zai saya.

Idan kukan yana nan a duk hali huɗun, har da firi, yana ƙaruwa da gudu kawai, to boris ne ko taya. Siriri mai kaifi, shiii, tun daga ƙaramin gudu, boris ɗin finiyan. Gurnani mai kauri, gurrr, da ke farawa daga wajen kilomita 30, boris ɗin akwatin kirawun ko na taya. Ana raba waɗannan biyun da karkata sitiyari: inda babu mota gaba da baya, ka ɗan karkata hagu sannan dama a hankali. Karkata hagu yana ɗora nauyi a tayar dama. Idan gurnanin ya ƙaru a ɓangare ɗaya ya ragu a ɗayan, boris ɗin taya ne, yawanci na ɓangaren da ya ɗauki nauyin. Na cikin difarenshal bai damu da sitiyari ba.

Taya mai manyan haƙora ta shiga laka tana da nata kukan, musamman idan ta ci ba daidai ba. Alamarta ita ce muryarta tana canzawa da irin hanya: ka sauka daga kwalta zuwa ƙasa mai laushi ta ɗauke. Shafa tafin hannu a kanta gaba da baya, idan ka ji tudu da kwari, musanya tayoyin baya da na gaba ka sake gwaji kafin ka zargi wani ƙarfe.

Sai bugu. Ƙwas guda ɗaya idan ka sa giya, ko ka koma ribas, ko ka taka totur bayan ka saki, wasa ne ya yi yawa a wani wuri tsakanin giyabos da taya. Kuros shi ne na farkon zargi, sai tsagar farfela, sai ƙananan giyoyi, sannan ratar kirawun da finiyan. Bugun da ke maimaita kansa kuwa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daidai da tafiyar mota, karyayyen haƙori ne, kuma ana iya sanin na wane ne da taku. Tayar waɗannan motoci tana cin ƙasa kusan mita biyu da rabi a juyi ɗaya. Sa a tura motar a fili kana biye da ita a gefe. Bugu ɗaya a kowace mita biyu da rabi, kirawun ne. Bugu a kowane santimita 60 ko kusa da haka, finiyan ne. Motar da ke wannan bugun ba a ƙara tuƙa ta, domin guntun haƙorin yana yawo a cikin mai, ranar da ya faɗa tsakanin giya biyu aksil zai ƙulle ko tukunyar aksil ta fashe.

Ƙarar da ba ta zuwa sai a kwana, gwada ta a filin ƙwallo ko filin Idi: zagaya a hankali da sitiyari a karye, hagu sannan dama. Ƙaƙas-ƙaƙas a nan na ƙananan giyoyi ne da wosar bayansu. Amma idan motar mai LSD ce, wato difarenshal mai faifan kuloci a ciki, kuma ka ji bayanta yana kakkarwa yana gurza a kwana, yawanci mai ne ba nasa ba aka zuba. Canza man zuwa wanda aka rubuta LSD a jikin robarsa, yi zagaye goma hagu goma dama don ya ratsa faifan, sau da yawa maganar ta ƙare a nan. Girgiza kuwa, wadda ake ji a kujera da madubi daga kilomita 60 zuwa sama, kusan kullum ta farfela ce ko ta taya.

A ƙarƙashin mota

Fili mai tauri, weji a tayoyin gaba, sannan a tokare aksil da ƙafar ƙarfe ko gungumen icce mai ƙwari. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti kuma yana farfashewa ba sallama. Cire babbar riga da hirami kafin ka shiga.

Fara da mashaƙar iska, ɗan ƙarfen nan mai hula da ke saman aksil. Mutane da yawa ba su san da ita ba, ita ce kuwa tushen rabin matsalar. Mai idan ya yi zafi iskar cikin aksil tana kumbura, ta nan take fita. Laka ta fadama ko ƙurar hunturu ta toshe ta, iskar sai ta nemi hanya ta sil, ta tura mai waje. Hularta ya kamata ta riƙa motsi idan ka taɓa da yatsa. Kwance ta, wanke da kananzir, busa ka ji iska tana wucewa. Duk wanda ya canza sil bai duba mashaƙa ba, zai sake canza shi.

Duba yoyo a wuri uku: bayan filanji inda sil ɗin finiyan yake, da'irar notocin da suka riƙe difarenshal a jikin aksil, da bayan daram ɗin birki. Mai a cikin daram yana nufin sil ɗin shaf ya tafi, ya kuma jiƙa birki, dole a canza shu ɗin, wanki ba ya fitar da man giya daga jikinsa.

Yanzu kama filanji, faifan da farfela ke ɗaure a jikinsa, da hannu biyu. Girgiza shi sama da ƙasa, ja shi gaba ka tura baya. Ko ƙanƙanin motsi bai halatta ba a nan. Idan ka ji ɗas-ɗas, matsin boris ɗin finiyan ya tafi, ka samu mai kukan sakin totur. Juya shi hagu da dama kuwa dole a sami ɗan wasa, domin ratar giyoyi duka ce ta taru a wurin, kada wannan ya tsorata ka sai idan ya yi yawa har yana bugawa da ƙarfi. Riƙe filanji da hannu ɗaya, murɗa farfela da ɗayan, ka sa ido a kan kuros. Motsi a cikin kofunansa, ko jan gari na tsatsa a bakinsu, ya isa hujja. Kama kowace taya sama da ƙasa ka jijjiga, ka juya ta kana saurare.

Tayoyin biyu suna sama, juya ɗaya ka kalli ɗayar. Ta juya baya, difarenshal ne na gama-gari. Ta bi ta gaba ɗaya, LSD ne.

Man giya shi ne babban mashaidi. Kullum ka fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa na ƙasa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwantuwa. A yawancin Toyota soket mai lamba 24 ne, kuma a yi amfani da mai kusurwa shida, domin kan notin gajere ne, saurin cinyewa gare shi. Mota a daidai, zura ɗan yatsa: mai ya kasance a bakin ramin, ko ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 5 ba. Tsiyaye shi da ɗuminsa a cikin roba mai tsabta, ka fito da shi rana. Warin ƙibiritu a man giya ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Baƙi ƙirin mai ƙauri yana nufin ya ƙone. Idan ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga. Notin ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa, share abin da ya kama ka murza tsakanin yatsu biyu. Laushi mai ruwan toka da ba ka jin tsakuwa a cikinsa, cin yau da kullum ne. Ɓawo-ɓawo masu ƙyalli, fatar boris ce ke saɓulewa. Gutsattsari masu kaifi da za ka iya ɗauka da farce, haƙori ne, sai a kwance.

Zafi ma yana magana. Bayan doguwar tafiya a watan Afrilu tukunyar aksil takan yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, wannan ba komai. Amma ka ɗiga ruwa ya yi cuu ya ƙafe nan take, ko wuyan finiyan ya fi sauran jikin zafi nesa ba kusa ba, to mai ya yi ƙasa ko an matse boris fiye da kima.

Idan har yanzu da shakka, ana iya kunna motar a kan tokari, wani yana ciki ƙafarsa kusa da birki, a sa giya uku ko huɗu ba tare da totur mai yawa ba. Ɗora bakin doguwar sukundireba a wuyan finiyan, da gefe biyu na tukunya, da ƙarshen aksil kusa da kowace taya, ƙotar a kunnenka. Boris ɗin da ya mutu ba ya ɓuya. Tayoyin biyu su kasance a sama, domin idan ɗaya ce kawai take juyawa, gudunta ninki biyu ne na abin da agogon gudu ke nunawa. Wannan gwajin na motar da ke 2H ne kaɗai. Prado da Land Cruiser masu jan ƙafa huɗu kodayaushe za su sauko daga tokari su bi ta kan mutum.

Abin da ke kashe shi a nan yankin

Ruwa ne kan gaba. Motar da ta taso daga Hadeja ta yi awa guda tana gudu, aksil ya yi zafi, sannan ta faɗa ruwan da ya shafe hanya wajen Guri ko Kiri Kasamma ko Auyo a watan Agusta, iskar cikin aksil tana tsukewa nan take, ta zuƙo ruwa ta mashaƙa ko ta sil. Haka abin yake ga masu kwasar shinkafa da tumatir a gonakin rani na Kura da Kadawa. Ruwa kaɗan ya isa ya kashe ƙarfin mai, ya sa tsatsa a boris cikin kwanaki. Tsaya minti 10 zuwa 15 kafin ka shiga ruwa mai zurfi. Bayan ka ƙetare, bari motar ta kwana, da safe ka ɗan sassauta notin ƙasa: ruwa ya fi mai nauyi, idan yana ciki shi zai fara ɗigowa. Man da ya riga ya yi madara a zubar, a zuba sabo, a yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30, a sake zubarwa a zuba wani. Maganin dindindin mai arha ne: a cire mashaƙar, a sa ɗan bututu a gurbinta, a ja tiyon mai zuwa can sama ƙarƙashin bodi, a bar masa sassauci saboda motsin sifirin, a sa matatar fetur ta babur a ƙarshensa.

Yashi shi ne na biyu, a hanyoyin Maigatari da Babura da Sule Tankarkar da Birniwa. Mota ta kafe, taya ɗaya tana sulɓi, direba ya ba ta wuta. Ƙananan giyoyin tsakiya ba su da boris, ƙarfe ne a kan ƙarfe da ɗan mai tsakani, an yi su don juyi kaɗan na kwana. Minti biyu na irin wannan sulɓin ya isa su yi zafi su kama sandarsu. Mafi muni shi ne tayar da ke gudu a banza ta samu ƙasa mai tauri ta cafke kwatsam, a nan haƙori ko shaf ke karyewa. Rage iskar taya zuwa 18 ko 20 a geji, sa 4L, ƙaramin giyar jan ƙafa huɗu, tun kafin ka shiga, idan ta kafe a tona a sa kara ko reshe. Da ka hau kwalta ka mayar da iska, ka fita daga 4L ko 4H (jan ƙafa huɗu na gudu) ka koma 2H, domin Hilux ba ta da difarenshal na tsakiya, jan ƙafa huɗu a kan kwalta yana murɗe farfela da giyoyi duka.

Taya biyu masu girma daban a aksil ɗaya suna sa ƙananan giyoyi aiki dare da rana ko a miƙaƙƙiyar hanya. Tsakanin 265/70R16 da 245/70R16 akwai bambancin tsayi na kusan santimita 3. Zagaya kowace taya da igiya ka gwada tsawonsu. Lodi kuma, Hilux abin da aka yi ta dominsa wajen tan ɗaya ne har da mutanen ciki, wato buhu goma masu kilo 100. Buhu ashirin a ranar kasuwa, a kan hanya mai ramuka, yana lanƙwasa kwanson aksil. Alamarsa tayoyin baya suna cin gefen ciki, sil da boris ɗin taya kuma suna mutuwa a kai a kai duk yadda aka canza su.

Man da ya dace shi ne mai lamba GL-5, kaurin 80W-90 ko 85W-90, mai yawan lodi a zafinmu yana iya amfani da 85W-140. Haƙoran kirawun da finiyan gogar juna suke yi ba birgima kawai ba, shi ya sa baƙin man inji ko man giyar otomatik ba sa riƙe su. Ku guji man da ake aunawa daga jarkar da ba rubutu. Aksil ɗin baya yana shan lita 2 zuwa 3 da ɗoriya gwargwadon samfurin mota. Motar karkara a canza mata duk kilomita 20,000, da kuma ƙarshen kowace damina. Mai kauri yana rage kuka, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye.

Idan ta kai ga kwancewa

A Hilux da yawancin Land Cruiser babu murfi a bayan aksil. Ana zare shaf biyu, a sa alama a filanji da farfela kafin a raba su, sannan a ciro difarenshal ɗungurungum ta gaba. Kada a taɓa noti ko ɗaya a jikinsa sai an yi awo. Sa alamar fanci a murafun boris biyu, domin kowanne da mazauninsa aka gyare shi, musanya su ɓarna ce. Kafa ma'auni mai fuskar agogo a kan haƙorin kirawun, riƙe finiyan, ka motsa kirawun gaba da baya. A Hilux mai kirawun inci 8 ratar ita ce milimita 0.13 zuwa 0.18, a babban aksil na Land Cruiser 0.15 zuwa 0.20. Auna a wuri uku ko huɗu a zagaye, ka rubuta. Mayar da bakin ma'aunin bayan kirawun ka juya shi sau ɗaya, idan karkacewar ta wuce milimita 0.10 akwatin ya lanƙwashe ko datti ya shiga ƙarƙashin kirawun. Ratar ƙananan giyoyi 0.05 zuwa 0.20 ce, da kaurin wosa ake gyara ta.

Wanke komai da kananzir ka duba a hasken rana. Kofin boris lafiyayye sumul yake, launinsa ɗaya. Ramuka, layi-layi a tsaye daidai tazarar 'ya'yan boris, ko launin shuɗi, duk na canji ne, kuma kofi da 'ya'ya tare ake canza su. Haƙorin da ya yi kaifi a baki, ko ya yi gaɓa da farce ke kamawa, ko ya yi ƙuraje, ya gama aiki. Kirawun da finiyan tun daga masana'anta aka goga su da juna, ba a canza ɗaya a bar ɗaya.

Mai sayen difarenshal na Beljiyam ya ƙirga haƙora da kansa. 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 kuma 4.88. Dole na baya ya yi daidai da na gaba, in ba haka ba ranar da aka sa 4H tiransifa, giyar da ke raba ja tsakanin gaba da baya, ita za ta biya. Ana iya sanin na motarka ba tare da kwancewa ba idan ba mai LSD ba ce: taya ɗaya a ƙasa, giya a firi, juya ɗayar sau 20 kana ƙirga juyin farfela, ka raba da goma. A tafi da shaf ɗaya a gwada shi a tsagar giyar gefe kafin a biya kuɗi. Wanda ya ce a narke ƙananan giyoyi da walda don a huta, shaf zai riƙa karyawa, motar kuma ta ƙi shan kwana a kwalta.

Wajen haɗawa, kirawun a tafasasshen ruwa ake ɗumama shi ya shiga akwatin, ba da wutar gas ba, kada taurin haƙora ya mutu. Notin finiyan kuwa shi ne inda aiki ya fi lalacewa. Tsakanin boris biyun akwai sifesa mai lotsewa, sau ɗaya tak ake amfani da ita. Ana ɗaure notin kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana auna ƙarfin da finiyan ke buƙata kafin ya fara juyawa. A tsofaffin Hilux masu silinda huɗu, kilo-santimita 19 zuwa 26 ne ga sabon boris, 9 zuwa 13 ga wanda ya yi aiki. Wasu samfuran adadinsu ya fi haka ƙasa, a bi littafin motar. Wanda ba shi da sifanar awo ƙarama yana iya amfani da sikelin rataya: maƙala ƙugiyarsa a ramin filanji, ja a gicciye, ka ninka kilo da nisan ramin daga tsakiya. Idan nisan santimita 5 ne, kilo 2 ya zama 10. Ka zarce adadin, ba a sassauta noti a ce an gyara, sai sabuwar sifesa. Ko sil kaɗai za a canza a jikin mota, a sa alama a noti da bakin finiyan, a ƙirga zaren da ya fito, a mayar da shi daidai alamar ko ya gota ta da ƙyar, sannan a dake bakinsa ya kulle. Ɗaure shi da dogon bututu har sai ya ƙi tafiya yana ƙona boris cikin 'yan kwanaki.

Bayan an saita rata, shafa shuɗin alli na makanikai siriri a haƙora uku ko huɗu, a wuri uku na kirawun. Danne kirawun da icce don ya yi nauyi, juya finiyan gaba da baya. Tabon ya kamata ya zauna a tsakiyar haƙori. Ya hau can baki, finiyan ya yi nisa, a ƙara kaurin wosar bayansa. Ya nutse can gindi, finiyan ya zurma, a rage. Ya taru a ƙarshen ciki na haƙori, a ja kirawun baya kaɗan, ya taru a ƙarshen waje, a matso da shi. Duk lokacin da aka taɓa wosa sai an sake auna rata. Idan tsofaffin giyoyi aka mayar da sababbin boris, a mayar da su kan ratar da aka rubuta tun farko muddin ba ta kauce sosai ba, domin sun riga sun saba da mazauninsu, matse su zuwa adadin sabo yana jawo kukan da babu shi a da.

Sabon kirawun da finiyan ba a yi musu lodi a tashin farko. Tafiyar kilomita 25 zuwa 30, a tsaya su huce sarai, a maimaita haka sau biyu ko uku. Kilomita 800 na farko babu cikakken lodi babu jan wata mota, sannan a zubar da man, a duba maganaɗisu, a zuba sabo, a ɗaure notin zubawa da na tsiyayewa da sabuwar wosa a kan Nm 49 a sifanar awo.